Sharhina kan asibitin kunne da na kai autana a Gombe

Salam ƴan uwa. Na ce bari in ba ku labarin wani asibitin kuɗi da muka je nan cikin Gombe, ba zan kama suna ba dai amma likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke zama a wurin.

Autana shekararsa 1 da wata 7, da hunturun nan ya yi mura kusan sati, sai kawai cikin dare ya fara ihu yana jan kunnensa na dama, jiki zafi rau, nono ma ya ƙi kamawa. Innarmu ta ce a ɗiga masa man zaitun, Babansu kuma ya je kemis nan Tudun Wada aka ba shi maganin ɗigawa ba tare da kowa ya leƙa kunnen ba, kwana 2 muna ɗigawa ba sauƙi, ni ma barcin sai dai sata.

Toh da muka je wajen nan kam na sha zama, sai da na yi awa 2 a benci ga yaro na kuka a baya, kuɗin kati ma ba wasa, kuma nas ɗin da ke yankan katin fuskarta a murtuke kamar an mata dole. Amma da muka shiga wallahi na manta da wannan. Likitan ya ce in rungume shi in riƙe kansa, ya ɗauko wata ƴar fitila mai tsinin baki ya leƙa kunnen biyu duka, ya ce Hajiya dodon kunnen ya yi ja ya kumbura, mugunya ce ta taru a bayansa. Wai akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, ta yara gajeriya ce kuma a kwance take, shi ya sa in mura ta toshe ta ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya ce maganin ɗigawan nan namu ba ya ma isa wurin tunda dodon bai fashe ba, kenan kuɗi kawai muka zubar.

Ya rubuta siraf na amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan an auna nauyin yaron, kwana 10 saboda bai kai shekara 2 ba, da farasitamol na zafi, ya ja min kunne sosai kar in tsaya don na ga ya warke. Ya tambaya ko ya kammala rigakafi, ya hana ba shi fida a kwance, ya hana tsinken auduga, hayaƙin icen girki ma ya ce in rinƙa nesanta shi (wannan kam da wuya a gidanmu, gas ya yi tsada). Sannan in na ga kumburi a bayan kunne ko kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba in dawo da gaggawa.

Rana ta biyu ya yi barci har asuba Alhamdulillah. Da muka koma ya ce akwai sauran ruwa kaɗan a ciki, yakan kai makonni kafin ya bushe, in lura ko yana juyowa in na kira shi ta baya. Zan sake zuwa in buƙata ta taso, sai dai da sassafe zan fita, kuma da ruwan shana a jaka.