A Orlando sai an ƙirga kawunanku kafin a ba ku makulli

Hajiya ta zo mana daga Gombe ganin jikoki, zuwan nata kuma ya dace da hutun makaranta, sai yara suka taso ni gaba da maganar da suka daɗe suna yi, wai a kai su Disney, katafaren wurin wasanni da nishaɗi da ke kusa da Orlando. Daga Atlanta inda muke zaune a Amurka zuwa Orlando a jihar Florida kusan awa bakwai ne a mota. Muka kama hanya bayan asuba, ni da uwargida da Hajiya da yara huɗu, muka isa otal ɗin da na kama ta intanet wajen la'asar, kowa ya yi tiɓis.

Ɗaki ne da falo, na mutum shida. A lissafinmu na gida mu shida ne cif, domin auta shekararsa huɗu, kuma yaron da ke kwana a jikin uwarsa ba a sa shi a lissafin gado. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta amshi katina, ta duba kwamfuta, ta ɗago kai, sai ta miƙa ɗan yatsa ta fara nuna mu ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Ta leƙo ta saman tebur don ta ga auta da ya maƙale a zanin uwarsa, ta haɗa da shi.

Hajiya ta taɓo ni. "Kai, wannan 'yar me take ƙirgawa? Awaki ta gani?"

Wanda ya tashi a hannun iyayenmu na Gombe ya san nauyin abin. Hajiya ko nata 'ya'yan ba ta faɗin adadinsu, in an tambaye ta sai ta ce alhamdulillahi, ta kawar da zancen. Yau ga 'yar cikinta na nuna jikokinta da yatsa a gaban layin mutane. Yarinyar ta ce mu bakwai ne, ɗakin kuma na shida, ba za ta iya ba mu makulli ba. Na ce yaron ƙarami ne, ba ya buƙatar gado. Ta ce ba maganar gado ba ce, dokar 'yan kwana-kwana ce ta ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a kowane ɗaki saboda gobara. Na fassara wa Hajiya. Ta ce, "Gaya mata ni a ƙasa zan kwana, dama gadon nan nasu mai laushi ciwon baya yake sa ni." Na gaya mata. Ta yi murmushi, ta ce ta fahimta ƙwarai, kuma tana ba mu haƙuri ƙwarai, amma mu bakwai ne.

Murmushin nan ya fi komai ƙona mini rai. Da ta ɗaure fuska da na san da wa nake rigima. A gida in aka ce maka babu, ka san ciniki ne aka buɗe: a kira manaja, a gaisa, a tambayi unguwa, a tarar ƙanin matarsa abokin karatunka ne, kafin ka ankara an shigo da ƙarin katifa. A nan na ce a kira manaja, ya zo, ya gaishe ni da girmamawa, ya maimaita kalmominta kamar tare suka haddace. Mafita ɗaya ce, in kama ɗaki na biyu a kan farashin wannan daren, wanda ya ɗara wanda na kama tun wata guda baya nesa ba kusa ba. Yara sun zube a kujeru, na bayanmu sun fara duba agogo. Na miƙa kati.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, lissafi na zauna yi, kuma shi nake so in ba wa duk wanda ke da niyyar kawo iyali nan, ko daga gida ko daga wata jihar. Kuɗin da ka gani a allo ba shi za ka biya ba. A gundumar Orange, inda Orlando take, harajin kwanan otal kashi 12.5 cikin ɗari ne, a Osceola da ke maƙwabtaka da ita kashi 13.5. Otal-otal da yawa suna da wani kuɗi na daban a kowane dare, wai na wurin ninƙaya da intanet da ɗakin motsa jiki, ko ka taɓa su ko ba ka taɓa ba. A da ɓoye shi suke yi sai ka zo biya. Tun watan Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta tilasta a haɗa shi cikin farashin da ake nuna wa mutum, amma haraji da kuɗin ajiye mota har yanzu daga baya suke fitowa. E, motarka ma kwananta da kuɗi, a harabar otal ɗin da kake biya. Sannan su riƙe wasu 'yan daloli a katinka jingina, ko da yaro zai fasa wani abu. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma batun "kusa da Disney" da kowane otal ke rubutawa. Filin Walt Disney World kusan murabba'in kilomita 100 ne. Tun da aka buɗe wurin wasa na farko a cikinsa, Magic Kingdom, a 1971 aka yi ta ƙari, Epcot a 1982, Hollywood Studios a 1989, Animal Kingdom a 1998, kowanne da ƙofarsa da tazararsa. Kana iya zama a bakin katangar filin amma ka yi rabin awa kafin ka ga ƙofar da kake nema, balle in ka faɗa cunkoson babbar hanyar I-4. Motar kyautar da otal-otal na waje ke alfahari da ita sau kaɗan take tashi a yini, in ta wuce ka shi ke nan, kuma mai yaro ƙarami ba shi da iko da lokacin da yaron zai ce ya gaji. In ka tafi da taka motar, ajiye ta a filin wasan ba ya kasa da dala 30 a rana. Magic Kingdom ma ba a ƙofa ake ajiyewa ba, sai ka sake hawa jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya kan dogo ɗaya ka tsallake tafki.

Otal-otal na cikin filin, masu sauƙin kuɗinsu irin su All-Star da Pop Century, sun raba ka da wannan wahalar. Motocinsu na kai ka har ƙofa kyauta, ba ka biyan kuɗin ajiye mota, kuma ana barin baƙinsu su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Ga mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu abin ya yi. Amma ɗakunansu na yau da kullum na mutum huɗu ne, manyan na iyali, irin na Art of Animation, na shida. Ƙasar nan gaba ɗaya an gina ta ne a kan uba da uwa da yara biyu. Tebur a gidan abinci kujera huɗu, ƙaramar mota mutum biyar, tikitin rangwame na iyali mutum huɗu. Bahaushe mai albarkar 'ya'ya da tsohuwa a gida, ko'ina ya juya sai ya biya kuɗin abu biyu. Tikitin shiga kuwa ba a magana: na yini ɗaya ya haura dala 100 ga kowane kai, ɗan ƙasa da shekara 3 ne kawai ke shiga kyauta, ɗan shekara 10 kuma kuɗin babba ake karɓa a kansa.

To a nan dole in faɗi gaskiyarsu. Da safe na koma wurin tebur ɗin na ce na fasa sauran kwanakin. Aka duba sharaɗin da ke rubuce a takardata, aka ga ina cikin lokaci, aka danna wani abu. Babu "sai oga ya zo", babu "akanta ya tafi banki". Bayan 'yan kwanaki kuɗina suka dawo kati ba tare da na buga waya ko sau ɗaya ba. Dokar da ta hana ni makulli jiya ita ce ta maido mini da kuɗina yau, kuma ba ta tambayi ɗan wane ne ni ba a duka biyun. Na tuna wani otal a Bauchi da na biya kuɗin ɗaki biyu tun kafin in taso, lokacin bikin ƙanwata. Muka iso da dare aka ce wani babba ya sauka da tawagarsa, an ba su hawan gaba ɗaya, mu yi haƙuri. Kuɗin kuma har na bar ƙasar ana "ana kan dubawa".

Muka koma Kissimmee, garin da ke kudu da filin, inda unguwanni sukutum gidajen haya ne na 'yan yawon buɗe ido, a kan hanya mai lamba 192 da kewayenta. Ta Airbnb, shafin hayar gidaje na 'yan kwanaki a intanet, na samu gida mai ɗaki uku da kicin da injin wanki. Mai gidan ban taɓa ganin fuskarsa ba. Lambobi ya turo ta waya, na danna a ƙofa ta buɗe. Abin da ke hoto shi na tarar, har launin labule. Akwai kuɗin shara da ake biya sau ɗaya, mai ɗan nauyi, shi ya sa gida ba ya yi wa mai kwana ɗaya ko biyu riba, amma in kwanakin sun ɗan ja kuma kuna da yawa, ya fi ɗaki biyu a otal sauƙi. Hajiya ta samu ɗakinta ita kaɗai, ta shimfiɗa dardumarta ba wanda ke tsallake ta, uwargida ma ta daina takura a gaban surukarta.

Kicin ɗin nan shi ne rabin ribar. Karin kumallon kyauta da otal-otal ke tallatawa, in ka cire naman alade da abin da aka soya kusa da shi, abin da ya rage maka biredi ne da ayaba da wani garin hatsi mai zaƙi a madara mai sanyi, wanda Hajiya ta kalla ta ce ba ta kai ga haka ba. Ita kuwa ta zo da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa tun daga Gombe. Muka nemi shagon Musulmi muka sayi naman halal, da dare a tuƙa tuwo, da safe a yi ɗumame. Disney ba sa hana shiga da abinci in dai ba a kwalba yake ba, don haka uwargida ta riƙa cika jaka da shinkafa da soyayyar kaza, ruwan sanyi kuma kyauta ake bayarwa a kofi in ka tambaya a wuraren sayar da abinci. Buta ce kawai babu a ƙasar nan, ko a gida ko a otal, sai ka tanadi robarka.

Ranar da muka shiga Animal Kingdom aka ɗora mu a wata buɗaɗɗiyar mota aka zaga da mu cikin dajin da aka shuka da hannu, ana nuna mana giwaye da raƙuman dawa. Turawa na ta ɗaukar hoto. Ni kuwa Yankari ce ta faɗo mini. Tun 1956 aka keɓe dajin nan a ƙasar Alkaleri, faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,000, ya ninka filin Disney sau ashirin, giwayensa ba wanda ya kawo su a jirgi. Ga Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina, ba inji ba famfo. Waɗannan mutane da za su samu Wikki da tikitin shigarta sai an yi adashi. Mu kuwa mutum ya girma a Bauchi ko Gombe, dajin na bayan gidansa, bai taɓa kai matarsa da 'ya'yansa ba.

Kuma ba talauci kaɗai ba ne. Wanda ke kashe miliyoyi a kayan lefe da ankon biki ba kuɗin kwana biyu a Yankari ne ya gagare shi ba. Mu dai ba mu ɗauki fita da iyali a bakin komai ba, otal kuma mun ba shi mummunan suna, har magidanci na jin kunyar a gan shi yana shiga da matarsa ta sunna. In tafiya ta kama, gidan dangi za a sauka, a kori yaran gida zuwa falo, a yanka kaza. Wallahi ina kewar wannan, domin a nan ko ɗan'uwanka sai ka yi masa waya mako guda kafin ka taka ƙofarsa. Sai dai saboda kowa na da inda zai sauka, masu otal ɗinmu ba su taɓa gina wa iyali komai ba. Ɗakunan na ɗan kwangila ne da mahalarcin taron bita da 'yan siyasa: gado ɗaya ƙato, talabijin, firji wanda ba ya sanyi. Ka nemi ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, ko ɗan kicin da mace za ta dama wa yaro kunu, sai a kalle ka. Farashi kuma sai an duba motarka da shaddarka. Ka tambaya ko akwai ruwan zafi a ce akwai, ashe a bokiti za a kawo. Janareto a kashe shi tsakar dare, a watan Afrilu, a Gombe.

Abin da ke tsare masu masauki a nan ba tsoron Allah ba ne ya fi namu, tsoron abin da baƙo zai rubuta ne. Kowa ya kwana sai ya koma intanet ya ba da taurari, ya faɗi ko zanin gado wankakke ne, ko na'urar sanyaya ɗaki na ƙara. Kafin in kama gidan Kissimmee sai da na karanta na mutane da yawa, na fara da masu ƙorafi. Mu a gida an cuce ka sai ka ce Allah ya isa a cikin mota, na bayanka ya zo ya faɗa ramin da ka fito.

Ashe kuma abin gaba da baya ne, mai gida ma yana rubuta nasa a kan baƙo. Mun bi takardar da ya manna a firji, mun fitar da shara, mun wanke kwanuka, Hajiya har share ƙofar gida ta yi. Bayan mun koma Atlanta saƙonsa ya shigo. Ya ce mutanen kirki ne, sun bar gida tsaf, zai sake karɓarsu, sai dai wani ƙamshin girki mai ƙarfi ya kama labule da kujeru har sai da mai shara ta bar tagogi a buɗe yini guda. Na karanta wa Hajiya. Ta ce in tambaye shi adireshin da za a aika masa da daddawar, tunda har ya yaba.