Friends da How I Met Your Mother: wanne ne ya fi ɓata wa 'yan kallo rai a zangon ƙarshe?

'Yar'uwa, kin ce kin kammala Friends, shirin barkwancin nan na talabijin na Amurka, soyayyar da aka cusa a zangon ƙarshe ta ba ki haushi, sai wasu suka ce miki ai ba ki ga komai ba tunda ba ki kalli ƙarshen How I Met Your Mother ba. Kina so ki sani ko ciwon iri ɗaya ne, kuma wanne ya fi muni. Zan fasa ƙwan duka biyun, don haka wanda bai kalla ba, kuma ba ya so a ɓata masa, ya tsaya daga nan.

Na san abin da ya tsaya miki a rai a Friends: Joey da Rachel. Shirin ya yi zango 10 a tashar NBC, daga 1994 zuwa 2004, kuma tun kashi na farko aka ɗora mu a kan Ross da Rachel. Mun ga rabuwarsu a zango na 3, mun ga Ross ya ambaci sunanta a wurin ɗaurin aurensa da Emily a Landan, mun ga auren maye da suka yi a Las Vegas, har suka haifi Emma. Duk wanda ya bi su wannan tsawon lokaci ya san inda aka dosa. To da marubuta suka sa Joey da Rachel suka sumbaci juna a Barbados a ƙarshen zango na 9, babu wanda ya ɗauka abin zai ɗore. Ga shi kuwa bai ɗore ba. Zuwa kashi na 3 na zango na 10 sun gane abota ta fi ƙarfinsu, kowa ya kama gabansa.

Abin takaici shi ne labarin ya taɓa yin kyau. A zango na 8, lokacin da Rachel ke da ciki, Joey ya faɗa sonta, ya faɗa mata, ta ce masa a'a cikin tausayi. Wannan ya nuna mana Joey da ba mu sani ba, mutumin da aka saba yi wa dariya saboda ci da bin mata, ga shi zuciyarsa ta karye. Da an bar shi a nan, da an gama lafiya. Sai aka tono shi bayan shekara guda, aka juya shi, Rachel ce kuma yanzu take so, ba tare da an ba mu wani dalili mai kama hankali ba. A gefe guda an haɗa Ross da Charlie, wadda ta fara soyayya da Joey, ita ma ba ta jima ba ta koma wa tsohon saurayinta. Zangon kashi 18 ne kacal, ya fi sauran gajarta, amma aka kashe farkonsa a kan hanyoyi biyu da ba sa ɓullewa.

Sai aka zo ƙarshe a guje. Rachel ta rasa aikinta a kamfanin kayan sawa na Ralph Lauren, ta samu wani a kamfanin Louis Vuitton a Paris, Ross ya bi ta filin jirgi, ta sauko daga jirgin. Mutum sama da miliyan 52 suka kalli wannan a Amurka ranar 6 ga Mayu, 2004, kuma yawancinsu sun tashi da murna. Ƙorafin ya fi fitowa daga baya, wurin masu sake kallo. Ga yarinyar da ta gudo daga bikin aurenta, ta fara da kai wa mutane kofi a Central Perk, ta yi ta fama har ta kai wannan matsayi, sai ta ajiye aikin saboda mutumin da kishinsa ya raba su tun farko, kuma ba a nuna mana sun zauna sun warware ko ɗaya daga cikin matsalolinsu ba. Ni dai ina ganin wannan ƙorafi ya fi na Joey nauyi, ko da yake na Joey ne aka fi yayatawa.

Shi kuwa How I Met Your Mother matsalarsa daban ce, kuma ya fi dacewa a daɗe a kansa. Ya yi zango 9 a CBS, daga 2005 zuwa 2014. Ted ne a shekarar 2030 yake ba 'ya'yansa biyu labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarsu. A kashi na farko ya haɗu da Robin, muka ɗauka ita ce, sai ya rufe da gaya wa yaran cewa wannan ai Anti Robin ce. Ke nan tun ranar farko an ce mana mu cire rai.

Kuma mun cire. Ted da Robin sun yi soyayya a zango na 2, suka rabu don shi aure da 'ya'ya yake so, ita kuma aikin jarida da yawon duniya. Sannan aka shafe shekaru ana gina Barney da Robin, ana sauya Barney daga mayaudarin mata zuwa mutumin da ya ƙona littafin dabarun yaudararsa ya nemi aurenta a zango na 8. Zango na 9 kashi 24 ne, kuma 22 daga ciki an yi su ne a kan 'yan kwanakin biki guda ɗaya, na auren Barney da Robin, a garin Farhampton. Har akwai wurin da aka nuna Ted ya saki hannun Robin tana tashi sama kamar balan-balan, wato ya haƙura har abada. A cikin zangon ne kuma aka gabatar mana da uwar yaran sosai, Tracy, wadda Cristin Milioti ta fito a matsayinta. Abu ne mai wuya a ce mutum ya cika burin da 'yan kallo suka yi shekara takwas suna ginawa, amma ta cika. Kashi na 200, wanda aka ba da labarin daga ɓangarenta, yana cikin mafi kyau a shirin gaba ɗaya.

Sai daren 31 ga Maris, 2014. Cikin abin da bai kai awa guda ba, Barney da Robin suka rabu bayan shekara uku da aure, Barney ya koma halinsa na da har ya haifi 'ya da matar da ko sunanta ba a faɗa mana ba, Ted da Tracy suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ƙarƙashin lema mai ruwan ɗorawa, suka yi aure, ta yi rashin lafiya, ta mutu. Mutuwar tata 'yan daƙiƙu aka ba ta. Kafin hawayen mutum ya zubo, yaran sun ce wa babansu ai shekara shida ke nan, kuma labarin nan duk na Anti Robin ne, ya je ya neme ta. Ya ɗauki shuɗin ƙahon busa da ya taɓa sato mata a kashi na farko, ya tsaya a ƙarƙashin tagarta.

Dalilin wannan sananne ne. Carter Bays da Craig Thomas, waɗanda suka ƙirƙiri shirin, sun ɗauki wannan fitowa ta yaran tun 2006, don kada 'yan wasan su girma su sauya kama. Ke nan ƙarshen yana ajiye tun shirin yana zango na 2, lokacin da Ted da Robin ne zuciyar labarin. Da a wancan lokacin aka rufe, da ya zauna daram. Amma shirin ya samu karɓuwa, aka yi ta ƙara masa shekaru, mutanen cikinsa suka girma suka zama wasu, riga kuwa tana nan yadda aka ɗinka ta tun suna yara.

In yi musu adalci, tunanin kansa ba banza ba ne. Mutum ya so matarsa da gaske, ta rasu, bayan shekaru ya sake so, wannan labari ne mai kyau, kuma sun ɗan yi mana hannunka-mai-sanda a zango na 8 da na 9 cewa Tracy ba za ta yi tsawon rai ba. Rabon lokaci ne ya kashe su. Shekara goma sha bakwai na rayuwar mutanen nan aka matse a kashi biyu, bikin kwana uku kuma aka ba shi 22. Da an juya lissafin, mun ga auren Barney yana tsagewa a hankali, mun zauna da Ted a makokinsa, da da yawa daga masu zagi sun yarda. Yadda aka yi shi kuwa, sai ya zama kamar an kawo Tracy ne kawai ta haifa wa Ted 'ya'yan da Robin ba za ta iya haifa ba, ta ba da wuri.

To wanne ya fi? A Friends an ɓata miki lokaci, amma an biya ki abin da aka yi miki alkawari, kuma ga Monica da Chandler da tagwayen da suka karɓa riƙo, ga auren Phoebe da Mike a cikin dusar ƙanƙara, suna rage zafi. Kina iya tsallake kashi uku na farkon zango na 10 ba ki yi asarar komai ba, sai dai dariyar Ross yana rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau alhali ya kusa zaucewa, wadda ita kam ba ta tsallakuwa. A How I Met Your Mother babu abin tsallakewa, don ƙarshen yana komawa baya ya sauya ma'anar duk abin da kika kalla. Shi ya sa na ce masu cewa ba ki ga komai ba suna da gaskiya, duk da cewa a wurina marubutan Friends ne suka fi lalaci, na How I Met Your Mother kuwa taurin kai ne ya ja musu.

In kin yanke shawarar kallonsa, akwai wani ƙarshen na daban da aka saka a faifan DVD da ya fito a 2014. Yana tsayawa ne a tashar jirgin, Tracy na raye, babu komawa wurin Robin. Ki fara kallon na talabijin tukuna, don in kika soma da na faifan ba za ki gane me ya tayar da ƙurar ba.