EZdrummer 3: Gangar Haɗa Waƙar Rok a Kwamfuta

Kamfanin Toontrack na Sweden ne ya fito da manhajar ganga ta EZdrummer 3 a 2022, an kuma naɗi sautin gangunan a ɗakin naɗa na Hansa da ke Berlin. Ga mai tsara waƙar rok da jita kaɗai, amfaninta yana cikin sashen da ake kira Bandmate: ka naɗi kiɗan jitarka, ka ja fayil ɗin ka saka, manhajar ta saurara ta kawo salon bugun da ya dace. Idan kana da bugun a ranka, buga shi a sashen Tap2Find, manhajar ta nemo makamancinsa.

Kiɗan MIDI ne, wato umarnin bugu ne ba naɗaɗɗen sauti ba, don haka sauya gudu daga bugu 120 zuwa 140 a minti ɗaya ba ya lalata sauti, saɓanin madaukin sauti (guntun kiɗa mai maimaita kansa) da aka riga aka naɗa, wanda ke shaƙewa idan an ja shi.

Kuskuren da aka fi yi: maimaita bugu ɗaya daga baiti har amshi da ƙarfi iri ɗaya. Sai ya fito kamar inji. Rage ƙarfin bugun a baiti, ka koma kan kuge a amshi.

Superior Drummer 3, wata manhajar ganga ta Toontrack, ta fi zurfi, amma girmanta ya haura 200 GB, nauyi ne ga mai neman tsara waƙa kawai.