Magungunan wiwi don ciwon jijiya bayan kemo: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda aka yi wa kemo, wato maganin cutar kansa, da magunguna irin su oxaliplatin, paclitaxel ko vincristine ya san abin da ake nufi: yatsu su sage, tafin ƙafa ya riƙa zugi kamar ana soka allura, ɓalle maɓallin riga ma ya zama aiki. Idan abin ya daɗe, ba a rasa mai cewa a gwada wiwi.

Kafin ka ciro kuɗi, ka san abin da za ka auna su da shi. A ƙa'idojinta na 2020, ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, magani ɗaya tak ta ba da shawararsa don wannan raɗaɗi, wato duloxetine, shi ma sauƙinsa matsakaici ne. Babu na wiwi a ciki.

Wanda ya fi kusa da a kira shi magani shi ne Sativex, feshin baki. Kowace fesa tana ɗauke da miligiram 2.7 na THC, sinadarin wiwi da ke bugarwa, da 2.5 na CBD, wanda ba ya bugarwa. Ka san abin da ka sha, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Sai dai don ƙagewar tsoka aka amince da shi a Birtaniya a 2010. Da aka gwada shi kan ciwon jijiyar kemo a Kanada, a binciken da aka wallafa a 2014, mutum 16 ne suka kammala; a jimlace bai fi feshin da babu magani a cikinsa ba, ko da yake biyar sun samu sauƙi. Yana kawo jiri da gyangyaɗi.

Ƙwayoyin dronabinol da nabilone kuwa, waɗanda aka haɗa da kwaikwayon THC, na maganin tashin zuciya da amai ne. Wani ciwo daban.

Man CBD na intanet shi ya fi sauƙin samu, kuma nan ne na fi ɗar-ɗar. A 2017 masu bincike a Amurka sun auna kala 84: kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke cikin kwalbar ya dace da rubutun jikinta, 18 kuma an samu THC a cikinsu. Kyan ɗan maciji ke nan. Idan babu takardar gwajin wani ɗakin bincike mai zaman kansa, ajiye kwalbar. CBD yana kuma rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, irin su warfarin mai hana daskarewar jini, saboda haka likitan da ke ba ka kemo ya fara ganin sunan abin kafin ya shiga bakinka.

Na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, haɗarinsa da sauƙi, hujjar amfaninsa ma haka.

Busa ganyen shi ne na ƙarshe a wurina. Ba a san adadin da ke shiga jiki ba, ganyen na iya ɗauke da fumfuna mai kama huhun wanda kemo ya raunana garkuwarsa, sannan a ƙasashe da yawa mallakarsa kaɗai laifi ne da ke kai mutum gidan yari.