Wasiƙa daga Texas: tukuicin ma'aikatan jirgin ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Inna, ya yara da karatu? Allah ya ƙara sauƙi, ya yi wa zuri'a albarka.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne idan mutum ya biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa shi ke nan ya gama, ci da sha da makwanci duk sun shiga ciki. Saƙon murya ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuto, na kuma sa ta inda sauran 'yan uwa masu niyyar irin wannan tafiya za su gani.

Mu nan Houston tasharmu ita ce Galveston, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Daga nan jirage ke tashi su ratsa tekun Meziko, su yada zango a tsibirin Cozumel, wasu su wuce har Roatan ta ƙasar Honduras, sannan su juyo. Kada ki ɗauka jirgi ne irin wanda kike gani a hoto da 'yan fasinja ɗari biyu. Unguwa ce guda a kan ruwa, hawa goma sha wani abu, da ɗakunan cin abinci da asibiti da kantuna da wurin wasan yara. Wanda aka ƙaddamar a 2024, Icon of the Seas, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikatansa kuma sun haura 2,300.

Ta fuskar abinci ba a yi maki ƙarya ba. Tun asuba har tsakar dare akwai abin ci, ba mai tambayarki sisi: shinkafa, kifi, ƙwai, burodi iri-iri, kayan marmari, shayi da gahawa da ruwan sha. Otal-otal ɗinmu na Kano da Abuja karin kumallo kaɗai suke haɗawa da kuɗin ɗaki, nan kuwa sau nawa kika ga dama. Sai dai babu yaji, babu daddawa, miyarsu ba ta kama harshe, naman kuma ba a tabbatar da yankansa sai an nema tun kafin tafiya. Mu dai kifi da kayan lambu da girkin Indiyawa muka fi riƙewa. Lemon kwalba, intanet, wankin kaya, gyaran gashi, yawon gari idan an tsaya, duk waɗannan da kuɗinsu daban. A cikin jirgin ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin buɗe ɗakinki shi ne jakarki, kome kika saya a kansa ake rubutawa, ranar sauka a cire daga katin banki.

A wannan lissafin ne za ki tarar da abin da na fi so mu yi magana a kai. Kowace rana kamfani yana rubuta wa kowane fasinja wani kuɗi da sunan tukuicin ma'aikata. A manyan kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean da Norwegian a 2025 ya kama daga dala 16 zuwa 20 a rana ga mutum ɗaya, masu manyan ɗakuna kuma nasu ya ɗara haka. Yara ma ana rubuta musu, in ban da ƙanana sosai a wasu kamfanonin. Ki ɗauki iyali mai mutum huɗu, tafiyar kwana bakwai, a dala 18: dala 504 ke nan a kan kuɗin tikiti. Ki buga da canjin yau ki gani. Ana iya biya tun a gida lokacin sayen tikiti, ana iya bari a cire a ƙarshe. Bayan wannan, duk abin sha da kika saya ko hidimar gyaran jiki, suna ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan farashin.

Mu da muka tashi a gida wannan tsari yana mana banbaraƙwai. A kasuwar Rimi idan kika sayi tumatir, mai kaya ne ke ƙara maki gyara. A Amurka mai saye ne ke yin gyaran, kuma ya zama dole a al'ada ko da doka ba ta ce ba. Dalili shi ne dokar tarayya ta yarda mai gidan abinci ya biya ma'aikacin da ke karɓar tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Ragowar daga hannun masu cin abinci yake fitowa, shi ya sa ake barin kashi 15 zuwa 20 a kan tebur. Wasu jihohin sun ɗaga nasu, amma Texas tana nan a kan na tarayya.

Na cikin jirgi kuwa ko wannan dokar ba ta kai kansu ba. Jiragen daga Amurka suke tashi, Amurkawa suka fi cika su, amma ki duba bayan jirgin za ki ga an rubuta Nassau ko Panama ko Valletta. A Bahamas da Panama da Malta aka yi musu rajista, dokokin can ne ke hawa kansu. Ma'aikatan yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, akwai kuma 'yan Afirka ta Kudu da Zimbabwe da tsibiran Karebiyan. Kwantiraginsu wata shida zuwa tara, aiki kullum babu Juma'a babu Lahadi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, abin da ta tanada shi ne hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ki cire 77 daga awa 168 na mako, ki ga abin da ya rage wanda doka ta yarda a sa mutum aiki. Ga mai gyaran ɗaki da mai kawo abinci, wancan kuɗi da aka kira tukuici babban kaso ne na abin da yake aika wa iyalinsa. Ana kuma raba shi har ga waɗanda ba za ki taɓa ganin fuskarsu ba, kamar masu aiki a bayan kicin.

To, Yaya, a wasu kamfanonin fasinja yana da damar zuwa teburin kula da baƙi ya ce a rage kuɗin ko a cire shi gaba ɗaya. Daren ƙarshe za ki ga layi a wurin, wasu da ƙorafi na gaskiya, wasu kuwa sun kashe kuɗinsu a gidan caca da mashaya sai suka waiwayo kan na ma'aikata. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai. Mutum ya kwana bakwai ana gyara masa shimfiɗa, ana kwashe masa kwanuka, ana goge abin da yaransa suka zubar, sannan ya je a ɓoye ya zare haƙƙin wanda ya yi masa. Mu da aka koya mana a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ba mu da hujjar shiga wannan layi. Wanda ya ga ba zai iya biya ba, ya sa shi cikin lissafi tun kafin ya sayi tikiti, in bai kai ba ya haƙura sai wata shekara. Akwai masu cewa za su cire su raba da hannunsu ga wanda suka ga dama. Niyyar ba laifi, amma mai wanke tukwane a ƙasan jirgi hannunsu ba zai kai gare shi ba.

Saura tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta ko a tsakanin Amurkawan: bayan wancan kuɗi, sai an ƙara wani? Ba dole ba ne. Ba wanda zai ɓata fuska idan ba ki ƙara ba, kin riga kin sauke nauyi. Amma ni ina ƙarawa, kuma ina ganin ya dace duk mai hali ya ƙara ga wanda ya yi masa abin da ya wuce aikinsa.

Bari in ba ki misali da mai gyara mana ɗaki, wani bawan Allah ɗan Indonesiya, Musulmi. Da ya ga darduma a kan kujera, bai jira mun roƙa ba. Ya nuna mana tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta, don mu riƙa gane alƙibla, tunda jirgi yana juyawa, gabas ɗin safe ba lalle ta zama ta la'asar ba. Banɗakinsu babu buta, ya samo mana abin da za mu yi amfani da shi, ya ƙaro tawul saboda alwala, ya kuma riƙa kauce wa lokacin sallarmu in zai shigo shara. Ba ɗakinmu kaɗai ne a hannunsa ba, layi guda ne na ɗakuna, kuma tun bayan korona kamfanoni da dama sun mayar da gyaran ɗaki sau ɗaya a rana maimakon biyu. Haka mai kawo mana abincin dare, 'yar Filifin. Kowane dare sai ta kawo mana jerin abincin gobe, ta bi da mu ɗaya bayan ɗaya, ta shiga kicin ta tambayo wanne aka sa wa giya, wanne ya taɓa naman alade, ta dawo ta faɗa mana gaskiya ko da abin da muke so ne ya faɗi. Wannan ba ya cikin dala 18. Kulawa ce ta mutum da mutum, ni kuma ba zan iya sauka in bar su da "na gode" kawai ba.

Yadda nake yi shi ne, tun daga gida nake canzo ƙananan takardu, 'yan dala ɗaya da biyar da goma da ashirin, don na'urar cirar kuɗi ta cikin jirgi tana da tsadar caji. Teburin baƙi suna ba da ambulan kyauta. Mai ɗaki nakan sa masa dala 20 zuwa 40 gwargwadon tsawon tafiya da yawan ɗawainiyarmu, mai kawo abinci kusan haka, mataimakinta rabin wannan. Wanda ya kawo shayi ɗaki da safe, dala biyu ko uku a hannu. Matan da ke kula da yara a wurin wasa ma ina tunawa da su, don mai riƙe maki yaro awa uku ki samu ki huta ta yi maki babban abu. Wannan awo nawa ne, ba doka ba, kowa da ƙarfinsa. Masu ɗaukar akwati a bakin tasha ba ma'aikatan jirgi ba ne, wancan kuɗi bai shafe su ba, ana ba su dala ɗaya ko biyu a kan kowace jaka. Haka direba da ɗan jagora a Cozumel, su ma nasu daban, kuma suna karɓar dala.

Wuri ɗaya da za ki buɗe ido shi ne takardar da ake miƙo maki ki sa hannu bayan kin sayi abin sha. Kashi 18 zuwa 20 ɗin yana ciki an riga an ɗora, amma a ƙasa akwai wani layi fari na ƙarin tukuici. Baƙo da yawa yakan cike shi yana zaton bai bayar ba. In kin ga dama ki ƙara, in ba haka ba ki ja layi a wurin ki sa hannu.

Wasu suna bayarwa ranar farko wai don a kula da su da kyau. Ni ban so haka. Ya yi min kama da na goron da ake miƙawa a wasu ofisoshinmu kafin fayil ya motsa, kuma yana nuna kamar kana zargin mutum ba zai yi aikinsa ba sai an saye shi. Abin da na gani da idona shi ne suna yi wa wanda ya bayar da wanda bai bayar ba hidima iri ɗaya. Na fi son in bari sai daren ƙarshe, in kira mutum da sunansa, in faɗa masa abin da ya yi mana da ba mu manta ba, in miƙa masa a rufe ba a gaban jama'a ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Bayan an sauka kamfani yana aiko da takardar jin ra'ayi ta imel. Ma'aikatan da kansu sukan roƙa a ambaci sunansu a ciki, domin da irin wannan ake duba wanda za a ƙara wa girma ko a sabunta wa kwantiragi. Sunan kowa yana maƙale a ƙirjinsa tare da ƙasarsa. Ki rubuta a wayarki tun kuna ciki, kada ki ce za ki tuna.

In da ni ake tambaya, da kamfanonin sun zuba kuɗin nan cikin farashin tikiti sun biya mutanensu albashi tsayayye, kowa ya san abin da zai kashe tun daga gida, tukuici kuma ya koma kyauta ta son rai. Ba abu ne da ba a yi ba. Kamfanin P&O na Ingila ya daina cajin tukuici daban tun 2019, jirage da yawa masu tashi daga Ostareliya ma a cikin tikiti suke haɗa shi. A nan Amurka dai suna son tallar ta nuna farashi mai sauƙi, sauran ya biyo baya.

Kin ce babban ɗanki yana sha'awar neman irin wannan aiki. Aikin halal ne in ya kauce wa ɓangaren giya da caca, ci da kwana a kan kamfani, mutum yana iya tara abin kirki. Amma ki faɗa masa wahala ce ta gaske, watanni babu ganin gida, ɗaki ƙarami shi da wani a ƙasan jirgi. Ya nema ta shafin kamfanin kansa ko wakilan da kamfanin ya lissafa a shafin. Waccan yarjejeniya ta 2006 ta hana wakili karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don ya samo masa gurbi, saboda haka duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta WhatsApp kafin ya ba shi aikin jirgi, ɗan damfara ne. Kafin ya sa hannu a ko'ina, ya turo min takardun in duba masa.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce maganin ƙafarta yana hanya. A gaida Baban yara da duk mutanen gida.

Ƙanwarki, daga Houston.