Dubu 85 na iyayen yara, a kan na'urar da ba sensa a cikinta

Jama'a, har yanzu raina bai daina tafasa ba. Naira dubu 85. Kuma ba kuɗina ba ne, karo-karo iyayen yara suka yi a makarantarmu a nan Agege, wani dubu biyu, wani dubu biyar, har da wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ta kawo nata a ƙulle cikin leda.

Ga wanda bai sani ba, rokar ruwa muke harbawa da ɗalibaina: gorar lemo, ruwa, famfon keke. Abin da ya rage mana shi ne na'urar da za ta faɗi tsayin da rokar ta kai. Matsin iska take aunawa, kana yin sama yana raguwa, kusan hPa ɗaya (ma'aunin matsin iska ke nan) duk mita 8 a nan bakin teku. Sai ta rubuta a katin memori, mu zana jadawali a kwamfuta.

Kada wani ya zo ya ce ban yi bincike ba. Na yi. Na tambayi mai sayar da na'urar wace sensa ce a ciki, wato ɗan abin da ke yin awon, ya ce BMP280 ta kamfanin Bosch mai auna matsin iska, da MPU6050 mai auna fizga. Amsar daidai take! Ɗan damfarar da bai san kan abin ba, ina zai samo wannan? Sannan ya turo saƙon murya da Hausa tsantsa: "Haba Malam, ai ni ɗan gida ne, ko kunya ba za ta bar ni in cuci yaranmu ba." Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Na saurare ta ya fi sau ashirin tun jiya. Ɗan gida. Yaranmu.

Au, kafin nan ma, dubu 50 muka yi ciniki a Instagram. Bayan na tura ne ya ce kaya sun maƙale a kwastan, sai an ƙara dubu 35. A nan ya kamata in farga. Amma dubu 50 sun riga sun tafi, ga yara kullum suna tambaya. Na tura. Hamsin da talatin da biyar, dubu 85 ke nan.

Mai babur ya kawo ta a kwali, fitila na ƙiftawa, sai ka rantse ta gaske ce. Harbin farko, mita 62.4, yara suka yi ta tsalle. Na biyu, 62.4. Washegari gorar ta yi yoyo, ko katangar makaranta ba ta wuce ba, na buɗe katin, 62.4. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta ce, "Malam, ai wannan zanen na jiya ne." A gaban kowa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kai wa wani mai gyara a Computer Village, kasuwar kayan waya da kwamfuta, ya ɓamɓare baƙin gam ɗin da aka lulluɓe allon da shi. Gurbin sensar wayam, ko ɗigon dalma babu. Ƙaramin Arduino ne kawai, wato ɗan allon kwamfuta, aka sa ya riƙa maimaita tsohon fayil ɗaya. Shagon da ya ce yana da shi a Ikeja kuwa, na je tun ran Talata, ko Laraba ce, kiyos ɗin mai POS na tarar. Lokacin ya riga ya toshe lambata.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna nan, zan ɗora su da dare in wuta ta dawo, har da saƙon muryar.

In za ku saya, ku kunna ta a gaban mai ita, ku hau bene hawa uku da ita. In lamba ba ta motsa ba, ku ajiye masa kayansa.

Ran Asabar akwai taron iyaye, kuma mai ƙosan nan a layin gaba take zama.