Kilimanjaro ko Tubkal na lokacin sanyi: wanne za ka fara hawa?

Ƙanena, tambayarka ita ce: ka gama da duwatsun Shere na Jos, ka tara ɗan abin da ka tara, yanzu kana son ka taka dusar ƙanƙara da ƙafarka, amma kuɗin na tafiya ɗaya ne. Shin Kilimanjaro na Tanzaniya za ka nufa, ko Tubkal na Maroko a lokacin sanyi? Kuma wane kaya za ka saya, wanne za ka yi haya?

Na hau duka biyun, kuma da ni ne a matsayinka Tubkal zan fara. Amma bari in shimfiɗa maka su gefe da gefe, domin ba jarrabawa ɗaya suke yi wa mutum ba.

A takarda babu ma gasa. Kilimanjaro mita 5,895 ne, shi ne mafi tsawo a Afirka. Tubkal mita 4,167, shi ne mafi tsawo a arewacin Afirka, cikin jerin duwatsun Atlas. Tazarar ta haura mita 1,700, wato kusan a ɗauki tsawon Shere gaba ɗaya daga gaɓar teku a ɗora. Sai dai tsawo abu ɗaya ne, abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka wani abu ne daban.

Kilimanjaro tafiya ce. Daga ƙofar Machame har ƙololuwar Uhuru babu inda za ka buƙaci igiya ko gatari a yawancin ranakun shekara. Wuri ɗaya ne za ka sa hannu ka dafa dutse, wato katangar Barranco, ita ma tsoronta ya fi wahalarta. Abin da ke kayar da mutane a can iska ce. A saman dutsen, iskar da kake shaƙa a numfashi guda kusan rabin wadda ake shaƙa a bakin teku ce. Mutumin da ya tashi a Kano, garin da bai kai mita 500 ba, jikinsa bai taɓa sanin wannan ba, kuma ƙarfi ba ya magani. Na ga saurayi majiyin ƙarfi, mai gudun safe kullum, yana zaune a kan dutse yana kelaya amai, wata dattijuwa ta wuce shi da sandunanta biyu tana taku kamar mai tsoron fasa ƙwai. 'Yan jagoran can kalma ɗaya suke ta nanatawa da Suwahili, "pole pole", wato sannu sannu. Tun kana jin haushinta har ka gane ita ce dukan dabarar.

Saboda haka a Kilimanjaro abin da kake saya da kuɗinka kwanaki ne. Hanyar Marangu ana yin ta a kwana 5, akwai ɗakunan kwana maimakon tanti, ita ce mai araha, kuma ita ce ta fi mayar da mutane gida ba su kai ba, don jiki bai samu lokacin sabawa ba. Machame kwana 6 ko 7, Lemosho 7 ko 8. A waɗannan biyun akwai ranar da za a hau da kai har Hasumiyar Lava, wajen mita 4,600, sannan a sauko da kai ka kwana a Barranco ƙasa da mita 4,000. Ranar za ka ga kamar ɓata ƙafa ne, alhali ita ce ke koya wa jininka aiki. In ka zaɓi Kilimanjaro, kada ka rage kwana don ka rage kuɗi.

Daren hawa ƙololuwa kuwa ba a bayyana shi sai an gani. Daga sansanin Barafu, wajen mita 4,670, ake tashi da tsakar dare. Barafu da Suwahili ƙanƙara ke nan, amma ba ƙanƙara a wurin, tsakuwa ce da iska. Awa 6 ko 7 kana bin dugadugan na gabanka da hasken tocilar goshi, ruwan da ke bututun jakarka ya daskare tun ƙarfe biyu, yatsun ƙafa ba ka jin su. Gari na wayewa kana Stella Point a bakin ramin dutsen, saura ɗan tattaki zuwa Uhuru. A nan ne za ka ga ƙanƙarar da ka zo dominta: bangwaye farare masu shuɗi-shuɗi, tsaye a gefe kamar ganuwa. Za ka gan ta, za ka ɗauki hoto, ba za ka hau ta ba. Ita ma tafiya take yi, fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna a 1912 ya narke.

To ga Tubkal. Daga Marakesh zuwa ƙauyen Imlil tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota, Imlil kuma yana wajen mita 1,740. Daga nan ka kama hanya ta gefen Arumd, ka wuce Sidi Shamharush inda akwai wani ƙaton dutse da aka shafa wa farin fenti da 'yan shagunan shayi da lemon zaƙi, ka isa masaukin dutse a mita 3,207 cikin awa 5 ko 6. Lura da wannan adadi. Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato gadon da za ka kwana a kai daren farko ya fi ko'ina a ƙasarmu tsawo da kusan mita 800. Alfadarai ne ke ɗaukar kaya, amma iyakarsu inda dusar ƙanƙara ta fara, daga nan sai a bayan mutum.

Da rani Tubkal gangaren tsakuwa ne mai cin rai, ba abin da zai burge ka. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu kuwa dutsen kan koma wani abu daban. Da asuba za ka fito daga masauki, ka zauna a bakin ƙofa ka ɗaura ƙayoyin ƙarfe a ƙasan takalminka, abin da ake kira kirampon, ka riƙe gatarin ƙanƙara a hannun da ke wajen tudu. Gangaren farko, nan bayan masauki, shi ne ya fi tsayuwa, kuma da sassafe a daskare yake ƙam. Sautin da haƙoran ƙarfen ke yi in sun ciji ƙanƙara, ƙaras ƙaras, har yau ina jin sa a kunnena. Tafiyar ma sai an koya: ka ware ƙafafu kamar mai sabon kaciya, don kada haƙorin wannan ƙafa ya kama wandon waccan, ka dasa tafin gaba ɗaya, kada ka taka da gefe. Ni a rana ta farko na yage ƙafar wandona har gwiwa, wando sabo dal. Daga baya za a koya maka yadda in ka zame za ka juya rubda ciki, ka danna bakin gatarin cikin dusar da nauyin ƙirjinka, ka ɗaga ƙafafu sama don kada ƙayoyin su kama su wuntsila ka. Ana maimaitawa sau goma, sau ashirin, a wuri marar haɗari, har hannu ya riƙa yi kafin kai ya yi tunani.

Wannan shi ne dalilina. Kilimanjaro zai gaya maka yadda jikinka yake a sama, amma za ka sauko ba ka koyi sana'ar ba, domin 'yan dako sun kafa tanti, kuku ya dafa, ɗan jagora ya tsara taku, kai dai ka jure. A Tubkal na sanyi za ka sauko da abin da za ka ɗauka zuwa kowane dutse nan gaba. Kai kuma a tambayarka ba hoto a gaban allon Uhuru ka ambata ba, ƙanƙara ka ambata.

Kada kuma ka raina shi don ya fi gajarta. Ana sayar da shi a matsayin tafiyar kwana 2, wato daga Marakesh zuwa sama da mita 4,000 cikin abin da bai kai awa 30 ba. Wannan gaggawa ce, ciwon kai na jiran ka. Nemi kwana 3 ko 4, ka yi rana guda a masauki kana koyon gatari, in yanayi ya yi kyau ka ƙara da dutsen Wanukrim da ke kusa, shi ma ya haura mita 4,000. Sannan daga mashigar Tizi n'Tubkal zuwa dalar ƙarfen da ke ƙololuwa akwai inda hanya ke bin gefen rami, zamewa a wurin ba ta da gyara. Bayan sabuwar dusa ta zuba kuma akwai haɗarin ta ɓalle ta gangaro. In ɗan jagora ya ce yau ba hawa, ba hawa. A duwatsun biyu doka ta wajabta ɗan jagora. A Tubkal an tsananta hakan ne bayan kisan wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido daga Denmark da Norway kusa da Imlil a Disamba 2018, kuma za a duba fasfonka a hanya.

Abu ɗaya da zan gyara maka: ko Tubkal ba shi ne hawan ƙanƙara na ainihi ba. Wancan shi ne hawa magangarar ruwa da ta daskare a tsaye, da gatari biyu, da igiya, da kusoshin da ake murɗawa cikin ƙanƙara, irin wanda ake zuwa yi a Rjukan ta Norway ko Cogne ta Italiya. Tubkal ƙofar gidan ce.

Kuɗi kuwa, nan bambancin ya fi fitowa. A Kilimanjaro kuɗin hukumar gandun daji kaɗai, na kwana 7, yana dosar dala 1,000, kafin a zo ga 'yan dako, abinci, tanti da tukuicin ƙarshen tafiya, wanda ba a tsallake shi. Duk wanda ya yi maka farashi mai arahar ban mamaki, daga haƙƙin 'yan dako ya yanko. Tubkal na kwana 3 ko 4, da ɗan jagora da masauki da abinci, 'yan ɗaruruwan daloli ne.

Yanzu kaya. Abin da za ka saya na kanka, ko ina za ka, takalmi ne. Na Kilimanjaro takalmin tattaki mai rufe idon sawu, marar shan ruwa, ya wadatar. Na Tubkal dole tafinsa ya yi tauri, domin in yana lanƙwasawa kirampon zai ƙwace a tsakiyar gangare. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe shi da hannu biyu ka yi ƙoƙarin naɗe shi, in ya naɗu kamar silifa ajiye shi. Mai taurin zai yi maka duka duwatsun biyu, mai laushin ɗaya kawai. Ka ƙara rabin lamba ko lamba guda don safa mai kauri, ka yi wata biyu kana yawo da shi. Ni na taɓa yin hayar takalmi a wani shago a gindin dutse, ya ɗan matse ni, na ce ai kwana biyu ne. Farcen babban yatsana biyu suka yi baƙi suka fita.

Kirampon da gatari ka yi haya a Imlil, amma ka sa a daidaita kirampon ɗin a kan takalminka a cikin shagon, ka girgiza ƙafa ka gani. Jakar barci mai jure sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ko fiye wajibi ce a tantin Kilimanjaro, ana hayar ta a Moshi, garin da ke gindin dutsen. A masaukin Tubkal ɗaki ne da gadaje a jere, wadda ba ta kai wannan ba ma ta isa.

Tufafi iri ɗaya ne a duka biyun, hawa uku: na jikin fata mai fitar da gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga kada ta taɓa fatarka. Singiletin da ke maka daɗi a zafin Afrilu, a can zai sha gumi ya manne, kana tsayawa ya zama ƙanƙara a bayanka. Babbar rigar sanyi mai gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, amma in ta jiƙe ta mutu. Mai zaren roba ta fi nauyi, tana ɗumi ko da danshi, kuma ta fi araha. A Kilimanjaro ranar farko cikin kurmi mai ruwa ake yi, don haka mai gashin a ƙulle ta cikin leda sai an hau sama. Yawancin waɗannan za ka tsince su a gwanjo in kana da haƙurin tonawa, musamman bayan hunturu ya wuce, lokacin da masu kayan ke neman kai da su. Duba zif, ɗaga rigar a rana ka ga ko gashin ya dunƙule wuri guda. Tabarau kam kada ka sayi na bakin titi. Hasken da ke dawowa daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido, sai dare ya yi ka ji kamar an zuba maka yashi. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri, batirin tocila na ajiya a aljihun ciki, don sanyi na shanye shi.

Sallah ta fi sauƙi a Tubkal, ƙasar Musulmi ce, 'yan jagoran Amazigawa ne, wato 'yan asalin yankin, abinci ba tambaya. A Moshi ma Musulmi na da yawa, ka faɗa tun kafin tafiya za a shirya maka.

Kafin ka biya ko sisi, je ka yi gwajin jini na sikila in ba ka san ko AA, AS ko SS ne kai ba. Mu nan masu AS suna da yawa, kuma da dama ba su taɓa jin komai ba a rayuwarsu. A sama inda iska ta yi ƙaranci, mai AS na iya samun toshewar jini a saifa, ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, kuma ana iya ɗaukar sa ciwon tsauni ne kawai a ce ya daure. Mai SS bai kamata ya je ko ɗaya ba. In AS ne kai, zauna da likita ka gaya masa adadin mitocin, 4,167 da 5,895, shi ne kuma zai ce ko maganin acetazolamide da masu hawa ke sha don kauce wa ciwon tsauni ya dace da kai.

In komai ya yi daidai, nemi Tubkal a Fabrairu ko Maris, rana ta ɗan ƙara tsawo, dusar kuma ta zauna. Kilimanjaro lokacinsa Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba, kuma takalmin da ka saya bana zai kai ka can. Kafin nan, cika jaka da kilo 10, ka samu Dala ko Kufena ko benen da ya fi kusa da kai, ka riƙa hawa da sauka sau uku a mako. Ka fi ba sauka muhimmanci, don a Tubkal ranar da ka hau ƙololuwa sau da yawa ita ce ranar da za ka gangaro har Imlil, mita 2,400 a kan gwiwa.